Darasin Tattalin Arziki: Kan Jirgin Ƙasa A Matsayin Injin Wutar Gaggawa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa yin asarar kaya saboda ɗaukewar wutar lantarki ya san cewa duhu iri biyu ne. Akwai na 'yan sa'o'i, wanda ƙaramin janareta ke maganinsa. Akwai kuma na kwana da kwanaki, wanda yakan zo idan manyan turakun da ke ɗauko wuta daga tasha suka faɗi, har a wayi gari babu ruwan famfo, babu niƙa, babu ƙanƙara, asibiti kuma yana lissafin sauran man da ya rage masa. Darasinmu na wannan fitowa ya shafi duhu iri na biyu ne, da kuma wata dabara da aka gwada a ƙasar Kanada a shekarar 1998, watau mayar da kan jirgin ƙasa mai amfani da man dizal ya zama injin bayar da wuta ga jama'a.

Dabarar ta yi aiki, kuma har yau ana ba da labarinta. Amma mai harkar kuɗi ba ya tsayawa ga daɗin labari. Abin da zai so ya sani shi ne yadda abin yake aiki, da yawan wutar da za a samu, da abin da za a kashe, da kuma wanda cinikin ya dace da shi. Waɗannan su ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Abin Da Ke Cikin Kan Jirgi

Mutane da yawa suna zaton kan jirgi babbar mota ce kawai, watau inji ya juya giya, giya ta juya ƙafa. A yawancin manyan kawunan jirage masu amfani da man dizal, wanda direbobinmu ke kira gas, tsarin ya sha bamban da haka. Injin dizal ɗin ba shi da alaƙa ta kai tsaye da ƙafafun ƙarfen. Aikinsa shi ne ya juya wani ƙaton janareta da ke manne da shi. Wutar da janaretan ya samar ita ce ake kai wa wasu ƙananan injunan lantarki da ke jikin ƙafafun, su kuma su ja jirgin.

An zaɓi wannan tsari ne saboda nauyin kaya. Jirgin da ke jan taragai masu yawa yana bukatar ƙarfi mai tsanani a daidai lokacin da zai tashi daga tsaye, kuma injin lantarki ya fi giya da kuloci iya wannan aiki. Sakamakon haka, duk kan jirgi irin wannan ƙaramar tashar lantarki ce mai tafiya a kan dogo, tana ɗauke da injinta da janaretanta da tankin manta da na'urar sanyaya inji.

Ana auna ƙarfin kan jirgi da ƙarfin doki. Ƙarfin doki ɗaya ya yi daidai da kimanin wat 746. Saboda haka kan jirgi mai ƙarfin doki 2,000 yana iya samar da kusan kilowat 1,490, watau kusan megawat ɗaya da rabi. Idan aka kwatanta da janaretan shago mai kilowat 3, wannan ya kai kusan guda 500. A kan takarda ke nan. Abin da za a samu a zahiri ya yi ƙasa da haka sosai, kamar yadda za mu gani.

Abin Da Ya Faru A Kanada

A farkon watan Janairu na shekarar 1998, an yi kwanaki ana wani irin ruwan sama a gabashin Kanada da wani sashe na arewa maso gabashin Amurka. Ruwa ne wanda da zarar ya taɓa abu sai ya daskare. A wasu wurare kaurin ƙanƙarar da ta taru ya kai kusan milimita 100. Wayoyin lantarki suka yi nauyin da ya fi ƙarfinsu, manyan turakun ƙarfe kimanin 1,000 suka durƙushe, ban da dubban falwayoyin katako. Mutane miliyoyi suka shiga duhu a tsakiyar hunturu, yawancinsu a lardin Kwibek, inda gidaje da yawa da lantarki suke ɗumama ɗakunansu. A wasu garuruwa da ke kudancin birnin Montiriyal an yi kusan wata guda babu wuta. Gwamnatin ƙasar ta tura sojoji fiye da 15,000 don aikin agaji.

A irin wannan hali kowa janareta yake nema, kuma waɗanda ake da su ba su isa ba. Magajiyar garin Boucherville, wani gari da ke tsallaken kogi daga Montiriyal, mai suna Francine Gadbois, ta nemi kamfanin jiragen ƙasa na CN ya ba ta aron kan jirgi. Kamfanin ya amince. Aka kawo kan jirgi mai lamba 3502, samfurin M420W mai ƙarfin doki 2,000, ƙirar kamfanin MLW na Montiriyal. Aka sa babbar ƙugiya ta ɗauke shi daga kan dogo ta ajiye shi a kan titin mota. Daga nan ya yi tafiya da ƙarfin kansa ta kimanin mita 300, ƙafafunsa na ƙarfe suna yanka kwalta, domin nauyinsa ya wuce tan 100. Aka tsayar da shi kusa da ofishin magajin gari, aka ja wayoyi daga jikinsa zuwa gine-ginen hukuma, inda daga nan ne ake tafiyar da aikin agaji.

An kawo kan jirgi na biyu da niyyar kai shi wata makarantar sakandare da aka mayar masauki ga waɗanda sanyi ya kora daga gidajensu. Amma akwai gadar sama a kan hanyar, aka kuma ji tsoron ba za ta ɗauki nauyinsa ba. Sai aka bar shi a matsayin na ko-ta-kwana. An kuma yi amfani da wani kan jirgin a garin Coteau-du-Lac da ke yammacin Montiriyal.

Abin lura a nan shi ne wutar da aka samu daga kan jirgin na Boucherville kimanin kilowat 375 ce, watau kashi ɗaya cikin huɗu na cikakken ƙarfinsa. Ta isa ta riƙe 'yan gine-gine masu muhimmanci, amma ba ta haskaka garin ba. Sauran jama'a sai da suka jira aka tayar da turakun.

Dalilin Da Ya Sa Wutar Ta Ragu

Akwai matsaloli huɗu da ke tsakanin janaretan kan jirgi da soket ɗin bango, kuma ya kamata duk mai son sa kuɗinsa a wannan harka ya fahimce su.

Ta farko ita ce irin wutar. Wutar lantarki iri biyu ce. Akwai mai miƙewa gefe ɗaya, irin ta batirin mota. Akwai kuma mai kai-komo, wadda ita ce ake rabawa gidaje da masana'antu. Tsofaffin kawunan jirage da yawa mai miƙewa suke samarwa, wadda taransifoma ba ta aiki da ita, haka ma yawancin injunan masana'antu. Tun daga tsakiyar shekarun 1960 aka fara ƙera manyan kawuna da janareta mai samar da wuta mai kai-komo, sa'an nan a bi da ita ta wata na'ura da ke miƙar da ita kafin ta isa ƙafafu. A irin waɗannan ne ake iya ɗibar wutar tun kafin ta shiga wannan na'ura.

Ta biyu ita ce yawan bugu. Wuta mai kai-komo tana da adadin bugun da take yi a cikin daƙiƙa ɗaya. A Kanada da Amurka sau 60 ne, a Nijeriya da maƙwabtanta sau 50. Wannan adadi ya dogara ne ga saurin juyawar inji da yawan kawunan maganaɗisun da ke cikin janaretan. Ƙa'idar ita ce a ninka yawan kawunan da yawan juyi a minti ɗaya, sa'an nan a raba da 120. Alal misali, janareta mai kawuna 10 zai ba da bugu 60 idan yana juyi 720 a minti. Shi kuwa kan jirgi, bai damu da yawan bugu ba, tun da miƙar da wutar zai yi. Totur ɗinsa matakai takwas ne, kuma yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a mataki na ƙarshe, inda injuna da yawa ke juyi 900 zuwa sama da 1,000 a minti. Don a sami bugun da ya dace da gine-gine, dole a rage gudun injin, kuma injin da aka rage wa gudu ƙarfinsa ma raguwa yake yi. Wannan shi ne babban dalilin raguwar wutar. A nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Janaretan nan mai kawuna 10 zai ba da bugu 50 ne a juyi 600 a minti, watau sai an ƙara rage masa gudu fiye da yadda za a yi a Kanada, ƙarfin kuma ya ƙara yin ƙasa.

Ta uku ita ce ƙarfin turawar wutar, wanda ake aunawa da bolt. A cikin jirgi wannan ƙarfi yana hawa da sauka bisa ga gudu da nauyin kaya. Na'urorin asibiti da injunan masana'anta kuwa suna bukatar ya tsaya wuri guda. Manyan gine-gine a Kanada suna amfani da bolt 600, namu kuwa kimanin 415. Saboda haka ana bukatar na'urar daidaita ƙarfi, sau da yawa har da taransifoma.

Ta huɗu ita ce nisa. Wuta mai ƙarancin bolt ba ta tafiya mai nisa sai da waya mai kauri ƙwarai, kuma wani kashi nata yana ɓacewa a hanya a matsayin zafi. Kilowat 375 a kan bolt 415 zai bukaci wayoyin da za su ɗauki fiye da amfiya 500. Abin da ya sa ke nan mutanen Boucherville suka gwammace su lalata titinsu su kai kan jirgin bakin ƙofa. Wanda yake nesa da dogo, sai dai a ɗaga ƙarfin wutar da taransifoma zuwa bolt 11,000 a bi da ita ta layin unguwa, idan layin yana nan da ransa.

A yau akwai hanyar kauce wa matsala ta biyu da ta uku. Ana iya barin injin ya yi gudun da ya fi dacewa da shi, a karɓi wutar bayan an miƙar da ita, a shigar da ita cikin babbar inbata wadda za ta mayar da ita mai kai-komo a kan bugu 50. Amma inbata mai ɗaukar ɗaruruwan kilowat kaya ce mai tsada, kuma ba a samunta a kasuwa ranar da aka ɗauke wuta. Akwai kuma hanya mafi sauƙi. Jiragen fasinja masu na'urar sanyaya iska a ƙasashe da yawa suna jan wani tarago na musamman mai ɗauke da janareta, wanda tun asali an ƙera shi ya ba da wuta irin ta gida. Inda ake da irin wannan tarago, ya fi kan jirgin kansa sauƙin haɗawa da gini.

Lissafin Kuɗi

Babban injin dizal mai lafiya yana shan tsakanin kwata da sulusin lita don samar da kilowat ɗaya na tsawon sa'a guda, watau abin da mita ke ƙirgawa a matsayin yunit ɗaya. Mu ɗauki lita 0.3. Idan kan jirgi ya ba da kilowat 375 na sa'o'i 24, ya samar da yunit 9,000, ya kuma sha kimanin lita 2,700. Tankar mai ɗaya mai ɗaukar lita 33,000 za ta riƙe shi kwana 12.

Don sauƙin lissafi, mu ce ana sayar da lita a kan naira 1,000, mai karatu kuma ya sa farashin garinsu a madadin wannan. Kuɗin mai kaɗai zai kama naira miliyan 2.7 a kowace rana, watau naira 300 a kan kowane yunit. A watan Afrilu na shekarar 2024, lokacin da Hukumar Kula da Harkokin Lantarki ta Ƙasa ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A, farashin da ta sa naira 225 ne a kan yunit, jama'a kuma suka yi ta kuka da shi. Ke nan tun kafin a sa sauran kuɗaɗe, wutar kan jirgi ta fi wutar layi tsada.

Sauran kuɗaɗen kuwa ba ƙanana ba ne. Akwai hayar ƙugiya idan za a sauke shi daga dogo, da wayoyi da taransifoma, da albashin injiniyoyin da za su kwana a kansa, da man inji, da gadi. A Boucherville sai da aka gyara titi, aka kuma gyara ɓarnar da tafiya a kan kwalta ta yi wa ƙarƙashin kawunan jiragen. Daɗin daɗawa, injin dizal da aka daɗe ana tafiyar da shi ƙasa da ƙarfinsa yakan tara baƙin hayaƙi da ɗanyen mai a cikinsa, abin da ke matso da lokacin gyara.

Akwai kuma wani kuɗi da ba ya fitowa a rasiti, wanda masana tattalin arziki suke ba muhimmanci, watau ribar da aka bari saboda an zaɓi wani abu. Kan jirgin da ke tsaye yana ba da wuta ba ya jan kaya. Idan hukumar jirage tana da kawuna masu yawa a ajiye, wannan asara kaɗan ce. Idan kuwa masu lafiyar ba su da yawa, to duk ranar da ɗaya ya tsaya, an rasa kuɗin dakon siminti ko kwantena ko fasinja, kuma dole wannan ya shiga cikin kuɗin hayar.

To, me zai sa mutum ya sayi wuta mai tsada haka? Amsar ita ce a lokacin gaggawa ba da kuɗin wutar layi ake gwada ta ba, domin wutar layin babu ita. Ana gwada ta ne da asarar da rashinta zai jawo. Mu ce mai ɗakin sanyi yana da kifi na naira miliyan 50 a ajiye, kuma kwana biyu ba wuta ya isa ya ruɓar da shi. Biyan naira miliyan 3 a rana na mako guda riba ce a gare shi. Haka nan tashar tura ruwan gari. Kilowat 375 zai iya ɗaukar famfuna masu kilowat 15 kusan 20, idan aka kunna su ɗaya bayan ɗaya, domin injin lantarki yana jan wuta ninki biyar ko fiye a lokacin tashi. Amma a raba wannan wuta ga gidaje don kallon talabijin, wannan ɓarnar dukiya ce. Da babu gara ba daɗi, amma sai an zaɓi wanda za a ba.

Ba Kanada Ce Ta Fara Ba

Aron wuta daga abin hawa tsohuwar dabara ce. Daga tsakiyar watan Disamba na 1929 zuwa tsakiyar Janairu na 1930, jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Lexington ya tsaya a tashar birnin Tacoma yana ba shi wuta, bayan fari ya rage ruwan madatsun da birnin ya dogara da su. Shi ma jirgin da lantarki yake juya farfelarsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Tarayyar Sobiyat ta yi amfani da tashoshin lantarki da aka ɗora a kan taragai, ana jan su zuwa garuruwan da yaƙi ya rusa tashoshinsu. A zamaninmu abin ya zama sana'a. Kamfanin Karpowership na Turkiyya yana ƙera jiragen ruwa waɗanda aikinsu kawai samar da wuta, kuma a shekarar 2015 ƙasar Gana ta karɓi ɗaya a tashar Tema lokacin da take fama da ƙarancin lantarki.

Bambancin da ke tsakani shi ne taragan Sobiyat da jiragen Turkiyya an ƙera su ne don wannan aiki, da duk na'urorin haɗi a shirye. Kan jirgin Boucherville kuwa dabarar dole ce, wadda ta yi nasara saboda an sami kamfani mai kawuna a kusa, da injiniyoyin da suka san cikinsu, da hukumar gari da ta san ginin da ya fi bukata.

Ina Abin Ya Shafi Nijeriya?

Doguwar ɗaukewar wuta saboda faɗuwar turaku ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A watan Janairu na 2021, 'yan ta'adda sun karya turakun layin da ke kai wuta Maiduguri daga Damaturu, birnin ya daɗe a cikin duhu, har ta kai an gina masa tashar gaggawa mai megawat 50 wadda aka buɗe a watan Maris na 2023. A watan Oktoba na 2024 kuma, yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda babu wuta, bayan layin Ugwuaji zuwa Apir ya sami matsala a daidai lokacin da layin Shiroro zuwa Kaduna yake a lalace. Masu injin casar shinkafa da masu ƙanƙara da masu walda duk sun ji a jikinsu, haka ma abokan cinikinsu na kasuwannin Kudu.

Ta fuskar jirage kuwa, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, ta daɗe da komawa ga kawuna masu dizal da lantarki. A farkon shekarun 1970 ta sayi fiye da 50 daga kamfanin MLW, wanda shi ne ya ƙera na Boucherville, ko da yake samfurinsu daban ne. A 2010 ta karɓi wasu 25 ƙirar kamfanin General Electric, daga baya kuma aka kawo na ƙasar Sin don sababbin layuka. Tana da manyan wuraren gyara a Ebute Metta da Zariya da Enugu. Tsohon layin dogo, mai tsawon kimanin kilomita 3,500, ya ratsa tsakiyar garuruwa irin su Ibadan da Ilorin da Minna da Kaduna da Kano da Fatakwal da Enugu da Makurdi da Bauci da Gombe, kuma tsofaffin unguwannin masana'antu kamar Apapa a Legas da Kakuri a Kaduna suna kusa da shi.

Amma akwai cikas. Sassa da yawa na tsohon layin sun daɗe ba sa aiki, saboda haka ba ko'ina ne kan jirgi zai iya isa ba. Layukan kuma faɗinsu biyu ne. Tsohon milimita 1,067 ne, sababbin kuwa, watau Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da Warri zuwa Itakpe a 2020, da Legas zuwa Ibadan a 2021, milimita 1,435 ne. Kan jirgin wannan ba ya hawa dogon wancan. Bugu da ƙari, matsalarmu ta yau da kullum ita ce ƙarancin wuta, wanda kan jirgi ba zai yi maganinsa ba. Kawuna ɗari masu ba da kilowat 375 kowanne ba su kai megawat 40 ba, watau ba su kai tashar gaggawar Maiduguri ɗaya ba. Inda kuma ake iya samun babban janareta na haya a ɗora shi a kan tirela, shi ya fi sauƙi da araha, domin don wannan aiki aka yi shi.

Saboda haka wuraren da dabarar za ta iya biyan kuɗinta biyu ne. Na farko, muhimmin wuri da ke dab da dogo mai aiki, kamar tashar tura ruwa ko asibiti ko rukunin ɗakunan sanyi, a lokacin da janaretocin haya suka ƙare. Na biyu, tsofaffin kawunan da ƙafafunsu ko ƙananan injunansu suka mutu amma babban injin da janaretan suna da sauran rai. Irin waɗannan ba sa jan kaya, don haka babu ribar da za a bari. Kafin a yanka su a sayar wa 'yan gwangwan da kilo, ya kamata injiniya ya duba ko gyara su a kafa su wuri guda zai fi riba. Amsar ta dogara ga samuwar kayan gyara da yawan man da tsohon inji ke sha.

Doka ma ta buɗe ƙofa. Gyaran tsarin mulki da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa da ta lantarki, sa'an nan Dokar Lantarki ta 2023 ta biyo baya a watan Yuni. Jihohi irin su Enugu da Ondo da Ekiti sun fara karɓar ragamar kula da kasuwar lantarkinsu tun 2024. A ƙa'idar hukumar tarayya, mai samar wa kansa wutar da ta wuce megawat ɗaya yana bukatar izini, haka kuma sayar wa wasu yana da nasa sharuɗɗa.

Shirin Da Ya Kamata A Yi

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta masu masana'antu ko gwamnatin jihar da ke son ta ajiye wannan dabara a cikin shirinta na ko-ta-kwana tana da ayyuka biyar tun wuta tana nan.

Na farko, a rubuta jerin wuraren da rashin wutarsu na kwana uku zai jawo asarar rai ko ta dukiya mai yawa, da yawan kilowat ɗin da kowannensu ke bukata, da nisansa daga dogo. Na biyu, a nemi injiniyoyin hukumar jirage su faɗi kawunan da janaretansu ya dace, da abin da kowanne zai bayar a kan bugu 50. Na uku, a tanadi wayoyi da taransifoma da na'urar daidaita ƙarfi, a kuma gwada haɗin ko da sau ɗaya a shekara. Na huɗu, a ƙulla yarjejeniya a rubuce a kan kuɗin haya, da wanda zai kawo mai, da wanda zai biya idan wata na'ura ta ƙone, da batun inshora.

Na biyar ya shafi rai. Dole a sa makunnin da zai raba ginin da layin gari gaba ɗaya kafin a kunna injin. In ba haka ba, wutar za ta koma baya ta bi ta taransifomar unguwa ta hau layi da ƙarfinta, ta kashe ma'aikacin da ke can yana gyara bisa zaton layin a mace yake. Sai an kuma haɗa wayar ƙasa yadda ya kamata, an nisanta hayaƙin injin daga tagogi. A bala'in Kanada na 1998, wasu daga cikin waɗanda suka rasu hayaƙin na'urorin da suka kunna a cikin gida ne ya kashe su.

Wanda ya yi waɗannan ayyuka biyar, ko da bincike ya nuna masa cewa kan jirgi bai dace da wurinsa ba, bai yi asara ba. Ya riga ya san wuraren da za a fara ceto, da yawan wutar da suke bukata, da abin da kwana ɗaya na duhu ke ci masa. Da waɗannan alƙaluma a hannunsa zai iya zama da mai janaretan haya ko mai sayar da faifan hasken rana ya yi ciniki da ido a buɗe, tun farashi bai hau ba.